Mama Ta Daina Kai Ƙarata

Mama ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara casa'in da shida, da cokalin shayi a hannunta. Kafin la'asar ƙanena ya gama mayar da ita wata mata da ban taɓa gani ba.

Ƙanen nan nawa dattijon ikkilisiya ne. Tun da aka ba shi muƙamin ya daina amsa sunansa, har matarsa Dattijo take ce masa, ko da maganar ƙwan fitila ce. Shi ya rubuta tarihin rayuwar Mama da za a karanta a coci ranar jana'iza, ya kawo mini in duba. Na yi shekara talatin da uku ina koyar da kimiyya a sakandare, shi kuwa a ganinsa duk wadda ta taɓa riƙe jan biro ta iya gyaran waƙafi.

Ni da ƙannena muna zaune a falon Mama, a kan kujerun da ta hana a cire musu leda tun ranar da aka sayo su. In ka motsa su yi ƙara, in ka yi gumi ka manne. Na sa tabarau na karanta a fili.

"'Mace mai tawali'u, wadda ba ta taɓa yi wa kowa faɗa ba, ba ta taɓa ɗaga murya a kan ɗa ko maƙwabci ba.' Wannan kuma wace ce?"

"Yaya, don Allah."

"Tambaya na yi. In wata ce ta mutu a unguwa, a gaya mini in je gaisuwa."

"To ƙarya na rubuta? Ta taɓa yi miki faɗa?"

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Mama ba ta faɗa. Ƙara take kaiwa.

Kullum ƙarfe biyar na asuba takan ninke wani tsohon bargo a gefen gado ta durƙusa. Kafin ta durƙusa sai ta buɗe ƙofar ɗakin kamar faɗin tafin hannu, ta tokare da takalmi don kada iska ta rufe. Macen da ta yi shekara arba'in tana ba da waƙa a ƙungiyar mata ba tare da lasifika ba, kun san ba raɗa za ta yi ba.

"Ya Uba, na gode da ka tashe mu lafiya. Ga bawanka, mijin da na roƙe ka ka ba ni, ban san abin da nake roƙo ba. Jiya ya ce aiki ne ya tsare shi a gidan waya har ƙarfe takwas. Kai ka san ƙarfe nawa ake rufe gidan waya. Ni dai ban ce komai ba."

Baba yana kwance taku biyu daga inda take, yana munsharin ƙarya. Washegari ƙarfe biyar da rabi na yamma yana gida.

Dabarar ba ta da magani. Wanda aka yi wa faɗa yana iya ramawa, ko ya buga ƙofa ya fita. Amma yaya za ka yi da wadda ke magana da Mahaliccinta? Ƙanwata, wadda daga baya ta zama nas, ta taɓa lallaɓawa ta janye takalmin tana 'yar shekara goma sha biyu. Mako guda ita ce kan magana. Maƙwabcinmu kafinta ya ari tsaninmu ya riƙe shekara biyu. Asuba ɗaya aka ambace shi, kafin rana ta fito ga tsani a jingine a ƙofar gida, har ya gyara matakin da ya karye.

Tana bin mu ne bisa tsari: Baba, ni, Dattijo, Nas, Auta, sannan surukai, sannan jikoki, fasto a ƙarshe, tare da adadin mintin da wa'azinsa ya wuce ƙa'ida. Baba ya rasu shekara ashirin da suka wuce, amma bai tsira ba. "Ga shi nan wurinka yanzu," takan ce. "Ka ga abin da nake ta gaya maka ko?"

In an gama, ta tashi ta ninke bargo, ta shiga kicin, sai ka ga wata mace daban: mai murmushi, mai tambayar yaya ka kwana. Ba ta taɓa karɓar albashi ba, amma ban ga ma'aikatar da ke tafiya kamar gidanmu ba. Har tsumman goge kwano guga take yi masa. Ta ɗinka wa rediyo riga, ta ɗinka wa butar shayi, da aka sayo talabijin shi ma bai kwana tsirara ba. Ta binne 'ya'ya biyu suna jarirai, ta raini huɗu, ta raini 'ya'yan mutane da ban san adadinsu ba, kuma kowane ɗaya ya shiga addu'a da laifinsa.

Ni laifina ɗaya ne, ya kuma ishe ta shekara talatin da biyar. Ina da shekara talatin da takwas na daina zuwa coci. Wata Lahadi ce, mako uku da binne mijina, faston lokacin yana bayani daga mumbari, yana kallona, cewa ciwon da ya ɗauke shi jarrabawa ce. Ni kuwa na san jarrabawa, sana'ata ce. Na san ba a ba ɗaliba takardar da ba a koya mata ba, kuma ba a kashe wani don a auna wata. Na ɗauki jakata na fita, ban koma ba sai ɗaurin aure da jana'iza.

"Ga 'yata ta fari," in ji Mama kowace asuba, "wadda ka ba ta ƙwaƙwalwa ka manta ba ka ba ta gwiwa ba. Ta san nauyin iska, ba ta san wanda ya hura ta ba. Ka karya ta, amma a hankali, tana da ciwon baya."

Shekara uku da suka wuce, da ƙafafunta suka fara gardama, na kulle gidana na dawo ɗakin da ke kusa da nata. Ina da shekara saba'in, ina kwana a gadon da na kwana ina 'yar makaranta. A tarihin gidanmu ni kaɗai ce na taɓa mayar da martani. Ina daga kwance zan ɗaga murya in ce, "Mama, ba haka na ce ba!"

"Ka ji ta ko?" za ta ce. "Ban gama ba ta fara."

Haka muke buɗe kowace rana. Daga nan in tashi in ɗora ruwan wankanta.

Wata takwas kafin ta rasu, wata Litinin, ina kwance ina jiran layina. Ta gama da Baba. Na gyara murya. Sai na ji, "Ga Dattijo, wanda ya fara rina gemu."

Na ce tsufa ne, ta tsallake layi. Talata ma haka. Laraba haka. Ta tuna da tattaɓa kunnenta da ta huda hanci, ta tuna fasto ya yi minti hamsin da biyu, amma 'yarta ta fari, wadda ke yanke mata farce, ko tari.

A gidanmu mutum biyu ne kawai suka taɓa fita daga addu'ar Mama. Ɗaya ƙanen Baba ne, wanda ya bar giya ya shiga mawaƙan coci. Shi sallamarsa aka yi, ya warke, ko da yake waɗanda suka ji muryarsa sun so ya koma kwalba. Na biyu tsohon mijin Auta, wanda ya tsere ya bar ta da goyo. Wata uku tana kai ƙararsa, rannan ta ce, "Wannan na bar maka shi," ba ta sake ambatonsa ba, ko da labarin mutuwarsa ya zo. To ni dai ban tuba ba. Kun ga saura ɗaya. Kuma ni ko "na bar maka ita" ban samu ba.

Ban tambaye ta ba. Me zan ce? Mama, don me kika daina kai ƙarata wurin wanda na ce ban yarda yana ji ba? Sai na koma tsokana. Na yi wanki ranar Lahadi, na shanya daidai tagarta. Na zauna a gefen gadonta ina karanta mata shekarun duniya, da sifilinsu duka. Da Dattijo ya zo yana albarkar abinci, na fara ci kafin amin. Ta dube ni ta ce, "Babba, miƙo mini gishiri." Washegari kuma daga Baba sai Dattijo.

Wannan ne a raina a falon nan, ba waƙafi ba. Na ci gaba da karanta takardar har na zo inda ya rubuta cewa ta bar 'ya'ya huɗu, dukansu cikin bangaskiya.

"Dukansu?"

"Ai Mama ta gani a ruhu," in ji Dattijo. "Shi ya sa ta daina ambatonki. An nuna mata za ki dawo."

Ashe kowa ya lura. Ba wanda ya ce mini uffan, wata takwas.

"Ruhun me," in ji Nas, wadda ta yi ritaya amma har yanzu tana duba farin idon duk wanda ta gaisa da shi. "Ƙwaƙwalwar tsoho takan ajiye abin da ya fi mata nauyi. Na sha ganin irinsu a asibiti."

"Na gode. Wato ni kaya ce."

"Ni da ni aka tsallake, da na kira makaɗa," in ji Auta. Shekararta sittin da biyu, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan teburin da Mama ba ta yarda a ɗora ko kofi ba. "Ranar Talatar ma sai da ta kai ƙarar jan bakina. Ƙarata ce kusan maganarta ta ƙarshe a duniya. Ke kin samu hutu kina ƙorafi."

Na zare biro, na soke "dukansu", na rubuta "uku daga cikinsu", na gyara waƙafi bakwai, na ba Dattijo huɗu bisa goma a ƙasan takardar. Ya ce zai sake bugawa yadda take. Na ce ya buga, ai ba ni zan tsaya gaban jama'a in karanta ba.

Matarsa ce ta biyo ni kicin. Shekara arba'in a danginmu, har yau Amarya muke ce mata, kuma ita ce ta fi shan addu'a bayan ni, saboda yadda take wanke shinkafa. Ta buɗe famfo don kada a ji ta.

"Yaya, ki je wurin Gwaggo Mai Keke. Lahadin da ta zo kafin Litinin ɗin da Mama ta daina ambatonki, ina nan. Ita da Mama sun shiga ɗaki su biyu." Ta sake rage murya. "Mama ta rufe ƙofa."

"Da kanta?"

"Har da sakata."

Gwaggo Mai Keke ba 'yar'uwarmu ba ce. Tela ce, aminiyar Mama shekara saba'in. A benci na uku suke zama a coci, kafaɗa da kafaɗa, suna taɓa juna da gwiwar hannu duk lokacin da wata ta shigo da rigar da wani tela ya ɓata. Washegari da safe na tafi gidan jikarta, inda take zama. Titi biyu ne, amma sai da na huta a gaban kantin magani.

Na same ta a kan keken ɗinkinta, tana da shekara casa'in da ɗaya, alli a bayan kunne, igiyar awo a wuya, farar riga a cinya.

"Kafira ta zo," ta ce. "Zo ki yi amfani. Zura mini zare, ramin allurar nan kullum ƙara tsukewa yake."

Na zura a karo na huɗu. Na tambaye ta ko rigar Mama ce.

"Ta uwarki na gama tun bara, ta gwada sau biyu, ta ce hannu ya yi tsawo. Wannan tawa ce. Na rame, ina rage ƙugu. Ba zan shiga ƙasa da riga tana yawo a jikina ba, mutane su ce aikin tela ke nan." Ta taka keken, ta tsaya. "Ba gaisuwa kika zo ba. Ba ki iya ba."

"Me kuka rufe ƙofa kuka ce?"

"Au. Sai da ta mutu kika iya tambaya?"

"Gwaggo."

"Ta ce mini za ki zo. Ta ce kada in faɗa miki sai kin tambaya da bakinki, a fili, ba da kewaye-kewayenku na 'yan boko ba. To tambayi."

Na dubi bango. Akwai kalandar shekara huɗu da suka wuce, an bar ta saboda hoton furanni. Na taɓa tsayawa gaban sufetocin ilimi na gaya musu manhajarsu shirme ce, muryata ba ta girgiza ba. A ɗakin nan sai da na ƙirga furannin kalandar kafin in buɗe baki.

"Ta cire rai da ni ne?"

Gwaggo ta yi dariya har haƙoranta na roba suka motsa, ta sa yatsa ta mayar.

"Kin tuna ranar da kika kai ta wurin likitan zuciya? Ya ja ki gefe yana miki raɗa, kuna tsammani ba ta ji ba. Macen da ke jin an buɗe gwangwanin sukari daga bayan gida! Ta ji sarai, watanni suka rage. Sai ta kira ni. Ta ce, ''Yar'uwa, shekara talatin da biyar ina aike wurin Uba a kan Babba, ba amsa. Mijina ya yi aiki a gidan waya, na san yadda ake yi da wasiƙar da ba a son amsawa, ƙasan tire ake tura ta. Tunda tafiya ta zo, zan je da kaina. Ba zan ƙara faɗar ko kalma ɗaya daga nan ba, kada in isa ya ce ai ya riga ya ji.'"

Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata, wani kuma ya hau. "Wato ƙarata ta tafi kaiwa baki da baki."

"Wa ya ce taki?"

Ta ciji zare ta tofar.

"Ta ce duk shekarun nan tana ba shi haƙuri a kanki. Sai ga shi 'ya'yanta masu bangaskiya suna zuwa ranar Lahadi da ayaba su yi mata addu'a su tafi, ke kuma da ba ki yarda da komai ba kina ɗaga ta kina wanke ta, kina zagin likitoci a madadinta. Ta ce ta kwanta ta yi lissafi. Ya ɗauke miki miji kina da ƙananan yara, ya turo miki fasto mara kunya, sannan yana jira ki durƙusa. Ta ce wataƙila ba ke ce za ki fara ba da haƙuri ba. Tambayarsa za ta yi."

"Mama? Mama ce ta faɗi haka?"

"Shi ya sa ta sa sakata. Kina so Dattijo ya ji ya suma?"

"To ai wannan saɓo ne, a lissafinku."

"Haka na ce mata. Ta ce shekara casa'in tana yi masa hidima, ba ta taɓa makara ba, in ba ta isa ta yi masa tambaya ɗaya ba, wa ya isa? Ta ce ba ta fasa yarda da shi ba ko kaɗan. Ta tabbata yana da amsa. So take ta ji ko amsar ta kai."

Na cire tabarau na goge, ko da yake ba su yi datti ba. Gwaggo ta yi kamar tana neman almakashi, alhali yana cinyarta. Ta ba ni lokaci daidai gwargwado, sannan ta gaji.

"Ke, kada ki jiƙa mini riga, farin yadi ne. Ni ma ina hanya, ba zan wuce bana ba, na gaya wa jikata ta daina sayen mini magani na wata uku. In kina da saƙo, ki faɗa."

"Gwaggo, kin san ban yarda akwai inda za ki same ta ba."

"Na sani. Kina da saƙo ko babu?"

A waje wani yana ta fama da motar da ta ƙi tashi.

"Ki ce mata kada ta fara sai na zo."

"Oho."

"Za ta rikita zancen. Ba ta san sunan ciwon mijina ba, kullum sai ta ce ciwon ciki. Ba ta san an yi wata biyar ana ba shi maganin da ba nasa ba. Ba ta nan ranar da ya roƙi a bar shi ya ga yaran sun gama firamare. Ni nake da kwanakin, ni nake da takardun. In ta shiga wurin Uban nata ita kaɗai, zai yi mata magana mai daɗi ta ce amin ta fito."

"Uwarki? Ta ce amin ta fito?"

"Duk da haka. Ta jira ni."

"Ashe za ki zo."

"Na ce in akwai wurin."

"Ke dai akwai wahala. Saƙon zan kai ko gardamar?"

"Kai duka."

Ta ɗaga rigar ta auna a ƙirjinta, ta karkata kai tana duba kalmasa.

"To kada ki daɗe," ta ce. "Kin san ta da jira. In kika wuce shekara goma, za ki tarar ta gama da shi ta dawo kanki."